Zumunci a Ƙafa Yake: Nazari kan Agajin Ikilisiya ga Mutanen da Yaƙin Boko Haram Ya Ɗaiɗaita

Gabatarwa

Ranar 29 ga Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka faɗa wa Mubi, ɗaya daga cikin manyan garuruwan Jihar Adamawa. A wannan rana kuma suka mamaye Kwarhi, ƙauyen da hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, take tare da makarantarta ta horar da fastoci mai ɗauke da sunan Kulp. Shugabanni da malamai da ɗalibai da iyalansu suka bazama cikin daji, aka kwashe ofisoshin ikilisiyar zuwa Jos na wucin gadi. A al'ada, idan masifa ta sauka, harabar majami'a ko ta masallaci mutane kan nufa. To ga shi ita kanta mafakar ta zama 'yar gudun hijira.

Wannan nazari yana bin sawun tambaya guda: sa'ad da mai ba da agaji shi ma yake gudun ceton rai, wa ya kawo ɗauki, kuma ta wace hanya ɗaukin ya biyo? Abin da nake son nunawa shi ne, taimakon da ya riƙe mutane a arewa maso gabas bai faɗo daga sama ba. Tsofaffin hanyoyin zumunci ya bi, waɗanda aka shekara da shekaru ana takawa. A nan ƙarfinsa yake, a nan kuma rauninsa yake, domin hanyar da ta san ƙofar ɗan'uwa tana iya wuce ƙofar maƙwabci ba ta tsaya ba.

Tushen bayarwa a koyarwar Kirista

Tara kuɗi a wata ƙasa domin mabukatan wata ƙasa tsohon abu ne a addinin Kirista. Wasiƙun Manzo Bulus zuwa ga Korantiyawa da Romawa sun nuna yadda ya ɗauki shekaru yana tattara gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima. Abubuwa biyu ne suka fi jan hankalin mai nazari a wannan labari. Na farko, masu bayarwar ba Yahudawa ba ne, masu karɓa kuwa Yahudawa ne, ga shi akwai saɓani tsakanin ɓangarorin biyu a kan kaciya da dokokin abinci. Ashe kuɗin saƙo ne na haɗin kai kafin ya zama abin cefane. Na biyu, Bulus ya yaba wa mutanen Makidoniya ne domin sun bayar alhali su ma suna cikin talauci. Ya kuma nemi ikilisiyoyi su zaɓi wakilan da za su raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. Amana da lissafi tare suka taso da baiko tun daga farko.

Sai dai waccan gudummawa ta 'yan gida ce zuwa ga 'yan gida. Misalin Basamariye mai tausayi, a babi na 10 na Linjilar Luka, shi ya faɗaɗa da'irar, inda wanda ya tsaya ya ɗauki mai rauni ya fito daga ƙabilar da ake ƙyama. Tarihi ya adana yadda aka aikata wannan a lokacin yaƙi. Wajen shekara ta 422, bayan gwabzawa tsakanin Rumawa da Farisawa, Bishop Akakiyus na birnin Amida, wanda yau ake kira Diyarbakir a Turkiyya, ya sayar da tasoshin zinariya da azurfa na majami'arsa ya fanshi fursunonin yaƙi Farisawa kimanin 7,000, ya ciyar da su, ya sallame su gida. Ba Kiristoci ba ne, kuma sojojin abokan gaba ne. Mai karatu Musulmi ma ya san irin wannan a tarihinsa: sahabban da suka yi hijirar farko daga Makka, wurin Najashi, sarkin Habasha Kirista, suka sami mafaka.

Saboda haka akwai igiyoyi biyu a cikin wannan gado: ta kula da ɗan'uwa cikin bangaskiya, da ta ɗaukar duk wanda aka tarar a yashe a bakin hanya. Ba kullum suke tafiya daidai ba, kuma yaƙi ne yake gwada wadda ta fi ƙarfi.

Hanyar da aka share tun 1923

Ba za a fahimci abin da ya faru a 2014 ba sai an koma Garkida. A can ne 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya ranar 17 ga Maris 1923. Ikilisiyar 'Yan'uwa da ta aiko su ta samo asali ne a ƙauyen Shuwazenau na Jamus a 1708, kuma tana cikin ikilisiyoyi ƙalilan da suka haramta wa mabiyansu ɗaukar makami. Daga Garkida aikin ya bazu cikin Bura da Margi da Kilba da Kibaku da Kamwe, aka kafa asibitoci a Garkida da Lassa, aka buɗe makarantu a Waka kusa da Biu, har da ta Chibok wadda daga baya ta koma hannun gwamnati. A shekarun 1970 ikilisiyar da aka kafa a Nijeriya, wato EYN, ta tsaya da ƙafafunta ƙarƙashin shugabancin 'yan ƙasa. Hausa ce ta haɗa waɗannan ƙabilu a sujada da taro, shi ya sa sunan ikilisiyar da na babban taronta, Majalisa, da na ƙungiyar matanta, Zumuntar Mata, duk na Hausa ne.

Ƙin ɗaukar makami bai sa mabiyan Ikilisiyar 'Yan'uwa sun naɗe hannu a lokacin yaƙi ba, sai ma ya tura su ga aikin agaji. Wani ɗansu manomi, Dan West, ya raba madarar gari ga yara a yaƙin basasar Sifaniya wajen 1937 zuwa 1938, ya ga kofin madara ba ya kai yaro gobe, ya dawo da shawarar a riƙa ba iyali karsana mai ciki, bisa sharaɗin su ma su ba wani iyali 'yar maraƙar farko. A 1944 aka yi jigilar farko, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu dabbobi da yawa suka tsallaka teku zuwa Turai. Wannan tunani, na mai da mai karɓa ya zama mai bayarwa, zai sake bayyana a Adamawa da Borno bayan shekara saba'in.

Da'ira uku ta agaji

Girman ɓarnar ba ƙarami ba ne. A 2020 shugaban EYN na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya bayyana cewa an kashe mabiyanta fiye da 8,000, an raba fiye da 700,000 da gidajensu. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok ranar 14 ga Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne. Dubbai sun tsallaka Kamaru, inda sansanin Minawao ya karɓe su. Idan aka duba yadda mutane suka rayu a wannan hali, za a ga da'ira uku, kowace tana cikin 'yar'uwarta.

Da'ira ta farko ita ce gida. Ƙididdigar Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya a 2015 ta nuna cewa kusan tara cikin kowane goma na 'yan gudun hijirar arewa maso gabas ba a sansani suke ba, a cikin gari suke, a gidajen dangi da abokai da waɗanda ma ba su taɓa sani ba. Wannan adadi ya kamata ya gyara mana fahimta. Babban mai ba da agaji a wannan yaƙi ba wata ƙungiya ba ce mai mota da tuta. Malamin firamare ne a Jimeta da ya bar wa baƙi ɗakinsa ya koma zaure, da mai sayar da ƙosai da ta ƙara ruwa a miya, da ƙaramin ma'aikaci a Jos ko Maiduguri da albashinsa na mutum shida ya koma ciyar da talatin. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓa ta shekara ba ta bushe ba. Ba a rubuta wannan sadaka a rahoton kowa ba, kuma Musulmi da Kirista duk sun yi ta.

Da'ira ta biyu ita ce ikilisiyar gari. Abin da majami'a take da shi wanda baƙuwar ƙungiya ba ta da shi shi ne sani. Fasto ya san wanda ya mutu da wanda ya ɓace, sakataren gunduma yana da sunayen iyalai, Zumuntar Mata ta san gwauruwar da kunya ba za ta bar ta ta shiga layi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza na ɗariƙar Katolika ya buɗe harabar babbar majami'ar Santa Teresa ga dubban mutanen da suka gudo daga Madagali da Michika da Mubi. Dakta Rebecca Dali, da cibiyar da ta kafa domin marayu da gwauraye, ta yi wani aiki da ba a cika lissafa shi cikin agaji ba: ta bi mutane tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace. Wanda aka rubuta sunansa bai zama adadi kawai ba, kuma iyalinsa sun san wani ya shaida rashinsu. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Janiba.

Da'ira ta uku ita ce 'yan'uwa na nesa. Ikilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka ƙarama ce, mabiyanta ba su kai 120,000 ba a lokacin, wato 'yar da ta haifa a Garkida ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. Bayan satar Chibok, ofishinta ya aika wa kowace majami'a sunan yarinya ɗaya domin a riƙa yi mata addu'a da suna. A Oktoban 2014 hukumar gudanarwarta ta amince da ware har dala miliyan 1.5, wani kaso daga ajiyar da ta tanada domin kanta. Ƙungiyar Mission 21 ta birnin Basel a Suwizalan, magajiyar mishan ɗin da ya yi aiki a yankin Gwoza, da kwamitin agaji na ɗariƙar Menonayit, su ma sun sa hannu. A 2015 mawaƙan Zumuntar Mata suka zaga majami'un Amurka, suka tsaya a gaban babban taron ikilisiyar a birnin Tampa. Masu bayarwa suka ga fuskokin waɗanda suke ba wa, suka kwana da su a gidajensu.

Abin lura shi ne, kuɗin bai nemi sabuwar hanya ba. Akwai tsofaffin malamai da ma'aikatan jinya a Amurka da suka yi ƙuruciyarsu a Garkida da Lassa da Waka, akwai fastocin Nijeriya da suka yi karatu a can. Wannan sanayya ta shekara casa'in ita ta sa aka yarda da juna cikin gaggawa, aka bar 'yan ƙasa su tsara abin da za a yi. Da kuɗin aka sayi abinci da magani, aka sayi filaye aka gina gidaje a wurare masu aminci, aka raba iri da taki, aka biya kuɗin makarantar yara, aka ba mata keken ɗinki da jarin sana'a, aka shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya. Rabon iri da taki shi ne ya fi kama da tunanin karsanar nan: manomin da ya girbe masararsa ya daina zama abin tausayi, ya koma mai kawo baiko ranar godiyar kaka.

Inda igiyar take iya tsinkewa

Nazarin da ya tsaya a yabo bai yi wa kowa amfani ba. Akwai haɗura huɗu da suke tattare da irin wannan agaji.

Na farko shi ne keɓancewa. Jerin sunayen da ke hannun fasto na mabiyansa ne. Idan da shi kaɗai aka raba hatsi, maƙwabci Musulmi da ya gudo daga gari ɗaya, a dare ɗaya, zai koma hannu wofi, haka ma Kiristan da ba ɗan wannan ɗariƙa ba. A ƙasar da zargi ya riga ya yi katutu tsakanin addinai, buhun masara da ya tsallake gida ɗaya ya shiga na gaba yana iya shuka ƙiyayyar da za ta fi yunwar daɗewa.

Na biyu shi ne yadda ake ba da labari domin a sami gudummawa. Gaskiya ce ba mai musunta ta cewa Boko Haram ta nufi Kiristoci da gangan, ta ƙona majami'u, ta kashe fastoci, kamar Rabaran Lawan Andimi na Michika da aka sace aka kashe a Janairun 2020. Amma gaskiya ce kuma cewa ta kashe Musulmi masu ɗimbin yawa, ta tayar da bam a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, ta kashe malamai da Sarkin Gwoza, ta tarwatsa Baga da Bama. Labarin da ya faɗi rabi ya bar rabi yakan fi saurin buɗe aljihun mai bayarwa a ƙetare, amma idan ya dawo gida sai ya zama itacen hura wuta. Wanda yake neman taimako da sunan Allah bai kamata ya sayi tausayi da rabin gaskiya ba.

Na uku shi ne yadda agaji yake iya shiga cikin lissafin yaƙin kansa. Nijeriya ta taɓa ganin wannan. Tsakanin 1968 da farkon 1970, gamayyar ƙungiyoyin coci na Turai da Amurka ta yi jigila fiye da 5,000 da jiragen sama, cikin dare, daga tsibirin Sawo Tome zuwa filin Uli a yankin Biyafara, ta kai abinci da magani kimanin tan 60,000. Ba shakka an ceci rayukan yara masu yawa. Duk da haka masana tarihi har yau suna muhawara a kan ko wannan jigila, da kuɗin ƙetaren da ta shigar, sun tsawaita yaƙin. Gwamnatin tarayya ta ɗauke ta a matsayin goyon bayan ɓangare ɗaya, kuma bayan yaƙin aka kori 'yan mishan da yawa. Darasin ba shi ne a bar yaro ya mutu da yunwa ba. Darasin shi ne kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mai bayarwa nauyin tambayar wa kuma yake amfana da kyautarsa.

Na huɗu shi ne gajiya da dogaro. Hankalin duniya ba ya zama wuri ɗaya, yau Siriya, gobe Yukiren, jibi Sudan. Yaƙin arewa maso gabas kuwa ya haura shekara goma sha biyar, har Garkida kanta aka kai wa hari a Fabrairun 2020. Ikilisiyar da ta saba jiran kuɗin waje za ta wayi gari da ofisoshi da ma'aikata ba abin biyansu. Akwai kuma jarabar da ke tattare da kuɗi mai yawa a hannun mutane kaɗan, wadda maganinta shi ne abin da Bulus ya yi tun farko: a sa idanu da yawa a kan jaka ɗaya.

Inda aka tsallake iyaka

Amsar haɗarin farko da na biyu ba a takarda aka ba da ita ba, a aikace aka ba da ita. A Yola, ƙungiyar wanzar da zaman lafiya ta Adamawa, wadda ta haɗa limaman Musulunci da na Kirista da Jami'ar Amurka ta Nijeriya tun 2012, ta raba abinci ga mutane fiye da 200,000, wani lokaci a harabar majami'a, wani lokaci a cibiyoyin Musulmi, ba tare da tambayar addinin mai karɓa ba. A Gurku ta Jihar Nasarawa, Markus Gamache, wanda shi kansa ɗan yankin Gwoza da Madagali ne kuma ɗan EYN, ya jagoranci kafa matsugunin da iyalai Musulmi da Kirista suke zaune gida na jikin gida, da majami'a da masallaci.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Sangere-Marghi a Ƙaramar Hukumar Girei. Bayan wasu iyalai sun shafe shekaru a harabar Santa Teresa ba su da inda za su koma, Bishop Mamza, da tallafin Katolikan Jamus, ya gina musu gidaje 86 da makaranta da majami'a, aka buɗe a Afrilun 2021. Da yake akwai iyalai Musulmi ƙalilan a cikinsu, sai ya gina musu masallaci. Wasu daga cikin mutanensa ba su ji daɗi ba, ganin majami'u nawa aka ƙona. Amma abin da ya yi yana da ma'ana mai zurfi: bai mai da gidan tarko ba. Ya ba mutum mafaka tare da wurin da zai yi sallarsa, wato bai nemi a biya shi da sauya addini ba. Wannan shi ne bambancin sadaka da ciniki.

Alherin kuma ba ta gefe ɗaya yake gudu ba. A Yunin 2018, sa'ad da aka kai hari a ƙauyukan Barkin Ladi na Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Wanda ya ajiye labarin bishop ɗin da na limamin gefe da gefe zai ga ba gasar addinai ake yi ba. Kowannensu ya shiga cikin koyarwar addininsa ya fito da abin da ya kare ɗan wani addinin.

Kammalawa

Abubuwa uku wannan nazari ya fito da su. Agajin da ya isa da wuri ya isa ne domin akwai zumuncin da ya riga yaƙin, don haka ikilisiyar da take son ta amfani mutane ranar masifa, tun ranar lafiya za ta fara takawa. Mafi nauyin kaya talakawan da suka buɗe gidajensu ne suka ɗauka, don haka adalci ne duk mai tsara agaji ya sa mai masauki cikin lissafi, ba baƙo kaɗai ba. Sannan darajar gudummawar Kirista ga waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita ba a yawan dala ake auna ta ba, ana auna ta ne da ƙofofin da ta ƙwanƙwasa.

Har yanzu akwai mutanen Gwoza a Minawao da ba su ga gonakinsu ba, akwai 'yan matan Chibok da iyayensu suka mutu suna jira, akwai ƙauyukan da ake komawa da rana a bar su da dare. Ranar da za su koma gaba ɗaya, ba cikin 'yan ɗariƙarsu kaɗai za su zauna ba. Rijiya ɗaya za su ja da maƙwabcin da suka gudu tare, kasuwa ɗaya za su ci. Abin da wannan maƙwabci zai tuna shi ne ko ƙafar da ta kawo buhun hatsi a shekarar yunwa ta tsaya a ƙofarsa, ko ta wuce.